Jensen Nawa Ne a Gidan Nan?

Ƙarfe biyar na yamma ba ta cika ba, amma duhu ya rufe garin Vejle na ƙasar Danmak kamar an idar da isha'i. Watan Nuwamba ne, ana wani yayyafi marar ƙara mai sanyin da ke ratsa ƙashi, ni kuma ina tsaye a ƙofar wani gidan bene da jaka a kafaɗa, da takarda a hannu wadda ruwa ya fara cinye tawadarta. An rubuto mini titi da lambar gida da sunan mai masaukina: Jensen. A ganina magana ta ƙare. Sai na haska allon ƙarfen da ke jikin ƙofar da fitilar waya, inda kowane ɗaki yake da maɓallinsa da sunan mai shi a gefe. Maɓalli goma sha biyu ne, huɗu daga ciki Jensen.

Na yi bisimilla na danna na farko. Muryar wata mata ta fito, na gaishe ta da Turanci na ce ina neman Malam Jensen, na furta shi da "j" irin ta jaki da jirgi. Ta faɗi wani abu gajere da yarensu ta kashe. Na biyu ba kowa. A na uku ne Allah ya haɗa ni da wani saurayi mai kirki, ya sauko da safa a ƙafa ba takalmi. Abu na farko da ya yi shi ne gyara mini baki: a wurinsu harafin "j" sautin "y" yake bayarwa, saboda haka Yensen ake cewa. Sannan ya tambaye ni sunan yankan mutumin. Na duba takarda, daidai wurin ruwa ya wanke. Ya ce to me yake yi? Na ce dattijo ne, ya yi ritaya, aikin shanu ya yi. Nan take ya ce, ai tsohon hawa na uku ne. Muna hawa na tambaye shi ko kawunsa ne ko kakansa, tunda sunansu ɗaya. Ya yi dariya har da riƙe ƙarfen matakala. Ya ce shi da tsohon ba abin da ya haɗa su sai matakalar nan da kwandon shara.

Kwas na mako uku ne ya kai ni Danmak, kan kiwon shanun madara da yadda manomansu suke haɗa kai su tara madara su sarrafa. Sun daɗe a wannan harka, tun 1882 da manoman wani ƙauye mai suna Hjedding suka kafa masana'antar madara ta haɗin gwiwa ta farko a ƙasar. Amma na kwas ɗin yana cikin rahoton da na miƙa a wurin aiki. Wanda nake son bayarwa a nan shi ne na sunan da ya tsayar da ni a cikin ruwa.

Mai masaukin nawa ya haura saba'in, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna wasu garuruwa. Tun a bakin ƙofa ya ce in kira shi da sunansa na yanka kawai, haka kowa ke yi a ƙasar, har yara da malamansu na makaranta. Na gwada sau ɗaya, bakina ya yi nauyi. Mutum sa'an mahaifina, furfura har gira, in kama sunansa gatsau? Na ce masa ni dai Baba zan riƙa ce masa, ya yi haƙuri. Ya tambayi ma'anarta, na gaya masa, ya ce ya karɓa tunda ba haraji a kai. Ya ajiye mini baƙin burodinsu na hatsin rai mai tsami-tsami, da kifi, da dafaffen ƙwai da dankali, kuma tun kafin in buɗe baki ya nuna mini wani ɗan kwano a firji ya ce wancan hantar alade ce, ya ware ta gefe, kada in taɓa. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Muna shan kofi na ba shi labarin Jensen huɗu. Ashe na taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Aikin da ya yi shekara da shekaru shi ne rubuta asalin shanu, wane bijimi ya haifi wace saniya, uwarta lita nawa take bayarwa. Da ya yi ritaya sai ya juya alƙalamin kan danginsa. Ya tashi ya ɗauko wani kumburarren fayil da kwamfutarsa, ya tura farantai gefe.

A Danmak tun wajen 1645 aka ɗora wa limaman coci rubuta duk jaririn da aka yi wa baftisma, da duk auren da aka ɗaura, da duk gawar da aka binne. Hukumar adana tarihin ƙasar ta ɗauki hotunan waɗannan littattafai ta zuba a intanet, kowa na iya dubawa kyauta, har da takardun ƙidayar jama'a ta 1787 da ta 1801. Ya buɗo mini wani shafi. Rubutu ne na alƙalamin gashin tsuntsu, a karkace, tawadar ta koma ruwan ƙasa, wani wuri ta ɗiga ta yi tabo kamar allon almajirin da aka wanke da gaggawa. Ban iya karanta ko harafi ɗaya ba. Shi kuwa sai bin layi yake da ɗan yatsa yana karantawa kamar wasiƙar jiya.

Ga abin da ya nuna mini. A ce wani manomi sunansa Hans, ya haifi ɗa aka sa masa Jens. Yaron zai tashi ana ce masa Jens Hansen, wato Jens ɗan Hans, don "sen" ɗin nan guntun kalmar "søn" ce, ɗa namiji. In 'ya mace ce, sai a ce Hansdatter, 'yar Hans, kuma ko ta yi aure da sunan take tafiya har kabari. Shi Jens in ya girma ya haihu, al'ada ta ce ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba za a mayar masa, saboda haka jikan ya zama Hans Jensen. Na biyu a ba shi sunan kakan wajen uwa. In yaro ya rasu yana ƙarami, wanda ya biyo shi ya gaji sunan. A fayil ɗin Baba sunaye biyu ne suke ta musayar wuri tsawon kakanni biyar ko shida: Jens Hansen, Hans Jensen, Jens Hansen, Hans Jensen, kamar mata biyu suna daka a turmi ɗaya.

Na ce masa, Baba, ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurina. Mu ma haka muke, Musa ɗan Audu, Audu ɗan Musa. Mu ma muna mayar wa jariri sunan kakansa. Bambancin kawai, mu in mun mayar sai kunya ta hana mu kama sunan, mu lulluɓe shi da Abba ko Baffa ko Babangida. Yana jin Babangida ya ɗaga kai ya ce ya san wannan sunan. Na san inda ya dosa, na yi ƙoƙarin kawar da zancen, ina! A gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa, bayan mun doke Sifen da ci 3 da 2 muna ta lissafin yadda za mu yi da Barazil, Danmak ta tare mu a zagaye na biyu ta zuba mana 4 da 1. Tijjani Babangida ne ya ci mana ɗayar. Tsohon nan ya tuna har da wanda ya shigo daga benci ya ci ƙwallo kafin ya yi gumi. Na shanye kofina na ce mu koma kan kakanni.

To yaya aka yi sunan da yake sauyawa daga uba zuwa ɗa ya tsaya cik? Hukuma ce. Masu sarauta tun 1526 Sarki Frederik na Ɗaya ya umarce su su riƙe sunan gida guda. 'Yan birni da malamai da 'yan kasuwa suka bi sannu a hankali. Talakan ƙauye kuwa, wanda shi ne mafi yawan jama'a, bai ga dalili ba. A ƙauyensa kowa ya san kowa: in Jens Hansen uku ne, ɗaya Jens maƙeri ne, ɗaya Jens na bakin rafi, ɗaya Jens gurgu. Wanda abin ya dama shi ne mai rubuta sunayen samarin da za a ɗauka soja, da mai karɓar haraji, da alƙalin rabon gado. A 1828, zamanin Sarki Frederik na Shida, aka fitar da doka cewa duk jaririn da za a yi wa baftisma sai an ba shi sunan dangi wanda zai ɗore. An ba da zaɓi, mutum na iya ɗaukar sunan gonarsu ko ƙauyensu. Amma mutane suka ɗauki abin da suka saba. Da yawa ma suka ci gaba da yi irin na da, kowane ɗa da sunan ubansa, kamar ba a yi doka ba, sai da aka sake ɗaure igiyar a 1856.

Daga nan suna ya daskare. Wanda ƙaddara ta sa sunan ubansa Jens a shekarun da igiyar ta kama gidansu, shi da zuriyarsa sun zama Jensen har illa masha Allahu, maza da mata. Baba ya nuna mini daidai layin a fayil ɗinsa: wani kakan kakansa, Jensen ɗan Jensen, na farko a gidansu da sunan ya yi masa ƙarya. Ya ce da dokar ta kama su shekara talatin kafin nan ko bayan nan, da yanzu Hansen nake nema a ƙofa. Sunansa na yanka ba Jens ba ne, na ubansa ma ba Jens ba ne. 'Yarsa, wadda a da za a kira ta 'yar wane, a takarda "ɗan Jens" ce. Ita ma Mette Frederiksen da ta zama firaministarsu a 2019, in aka bi kalma, "ɗan Frederik" sunanta ke cewa, kuma ba wanda abin yake ba dariya a can, don kunnensu ya daina jin ma'anar.

Ni a ra'ayina hukumar ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago. An so a bambance mutane, sai aka ɗauko 'yan sunayen da kowa ke da su aka manna wa ƙasa guda. Mutanen Danmak kimanin miliyan 6 ne kawai, amma Nielsen da Jensen da Hansen kowanne yana da masu shi kimanin dubu 200 ko fiye. In ka bi jerin sunayen da suka fi yawa, Andersen, Pedersen, Christensen, Larsen, Sørensen, duk "sen" ne, sai ka kusa na 20 kafin ka tarar da Møller, wato mai niƙa. Jensen ne ya daɗe a kan gaba, a 'yan shekarun nan Nielsen ya sha gabansa. Baba ya faɗi wannan da fuskar wanda aka ƙwace wa gona.

Da suka ga an cakuɗe, sai suka koma wa laƙabi ta bayan gida. Mutum ya saka sunan ƙauyensu ko na gonar kakansa ko na dangin uwarsa a tsakiya, kuma da shi ake kiransa. Daga 1993 zuwa 2011 firaministoci uku suka yi a jere, kowanne Rasmussen: Poul Nyrup Rasmussen, Anders Fogh Rasmussen, Lars Løkke Rasmussen. Ba dangin iya ba na baba. Ɗan ƙasar ba ya ce musu Rasmussen, sai dai Nyrup, Fogh, Løkke. Da wani ya ba ni wannan labari a gida, da na rantse gida ɗaya ne suka mayar da mulki gado.

Sai da dare ya yi nisa na yi tambayar da ya kamata in fara da ita: shi Jens ɗin me yake nufi? Ya ce Johannes ne aka gutsure. Da yake da "y" ya furta, Yohannes, kunnena ya kama wani abu. Na ce Yohanna? Ya ce shi fa. Sunan daga Ibrananci ya taso, Yohanan, ma'anarsa Ubangiji ya yi jinƙai. Ya bi ta Girkanci da Latin ya shigo arewacin Turai tare da addinin Kirista, aka riƙa sa wa yara shi don neman albarkar Yohanna Mai Baftisma da kuma wani Yohanna cikin almajiran Annabi Isa. Bakin mutane ya yi ta sassaƙe shi. Wasu suka riƙe farkonsa suka ce Johan ko Jon, wasu suka matse shi ya zama Jens, Jamusawa suka yar da kan suka riƙe wutsiyar suka ce Hans, shi ma ya hauro Danmak. Sarkin Danmak Hans, wanda ya yi mulki daga 1481 zuwa 1513, Johannes ne cikakken sunansa. Ashe Jens Hansen da Hans Jensen da suka cika fayil ɗin Baba suna ɗaya ne ake ta maimaitawa, uba da ɗa duk takwarorin juna.

Na ajiye kofi na ce masa, wannan Yohanna Mai Baftisma ai shi ne Annabi Yahaya ɗan Zakariya, amincin Allah ya tabbata a gare su, muna da shi a Alƙur'ani. Bai taɓa sani ba. Na gaya masa a Suratu Maryam an yi wa Annabi Zakariya bushara da ɗa bayan tsufa ya kama shi, aka ce sunansa Yahaya, kuma ba a taɓa sanya wa wani wannan suna ba kafinsa. Gaba kaɗan a surar an ce an ba shi "hanan", tausayi daga Ubangiji, kuma tushen wannan kalma ɗaya ne da na Ibranancin da ke cikin Yohanan. Muka yi shiru mu biyun. Abin da ke yawo a raina shi ne, ga wanda aka haifa ba shi da takwara ko ɗaya a bayan ƙasa, yau ga shi a gidan bene guda a wani ɗan gari na bakin teku, mutum huɗu suna amsa sunan 'ya'yansa, ko biyar in aka haɗa da Hansen na hawa na ɗaya. Baba ya ƙara mini da cewa duk ranar 23 ga Yuni da yamma ƙasar gaba ɗaya takan fita bakin ruwa a hura manyan wuta ana waƙa, kuma sunan daren Sankt Hans, wato jajiberin ranar da coci ke tunawa da haihuwarsa.

Ranar Asabar ba darasi, ya ce in shirya zai kai ni inda abin ya faro. Jelling ƙaramin gari ne, tafiyar minti goma sha biyar a jirgin ƙasa daga Vejle. Daga tasha muka taka da ƙafa. Tuddai biyu ne manya na ƙasa da ciyawa ta rufe, mutane suka tara su da hannu fiye da shekara dubu da suka wuce, a tsakaninsu ga wani farin coci, a gabansa kuma duwatsu biyu a cikin akwatunan gilashi. Ƙaramin dutsen, Sarki Gorm ne ya kafa shi don matarsa Thyra. Babban, wanda ya fi ni tsawo, ɗansu Harald ne ya sa aka sassaƙa wajen shekara ta 965. Na matsa har numfashina ya yi hazo a gilashin. Haruffan tsaye suke kamar an jera karan dawa, an kakkarya wasu, an jingina wasu. A ɗaya fuskar akwai wata dabba da maciji ya nannaɗe, a ɗayar kuma siffar mutum ya buɗe hannuwa, igiyoyi sun sarƙe shi. Baba ya ciro fasfo ɗinsa ya nuna mini wannan siffar a cikin bangon. Rubutun na cewa Sarki Harald ya kafa wannan don tunawa da ubansa Gorm da uwarsa Thyra, shi ne Harald ɗin da ya mallaki Danmak duka da Norwe, ya kuma mayar da mutanen Danmak Kiristoci. Wannan Harald shi ake wa laƙabi da mai shuɗin haƙori, kuma Bluetooth ɗin da ke wayarka sunansa ne, alamar ma haruffansa biyu ne na irin rubutun dutsen aka haɗe.

Kiran mutum da sunan ubansa ya girmi wannan dutse. Harald ɗan Gorm ne, ya haifi Svend ɗan Harald, shi kuma ya haifi Knud ɗan Svend wanda ya ci Ingila a 1016. Abin da dutsen ya buɗe wa ƙofa shi ne sababbin sunayen da za a liƙa wa "ɗan". Sannu a hankali, cikin ɗaruruwan shekaru, Gorm da ire-irensa suka ja baya, sunayen waliyyan coci suka cika ƙauyuka: Niels daga Nikolas, Peder daga Bitrus, Anders daga Andarawus, Mads daga Matiyas, sannan Jens da Hans. Wannan ma na gane shi ba tare da dogon bayani ba. Mu ina Bawa da Tanko da Barau da Dogara suke a rajistar makarantun yau, in aka gwada da Muhammadu da Abubakar da Usman?

Maƙabartar da ke kewaye da cocin ta fi duwatsun riƙe ni. Kowane gida da ɗan filinsa, an kewaye da gajeren shinge na ganye an aske shi daidai, an share tsakuwa da manjagara har layin haƙoranta na nan. Baba yana tafe yana karanta mini. A kan tsofaffin duwatsun sukan rubuta sana'ar mamaci kafin sunansa: mai gona wane Jensen, maƙeri wane Hansen, malamin makaranta wane Nielsen. Wasu an ƙara sunan ƙauyen a ƙasa. Ko a kan kabari sunan dangin bai isa ya nuna mutum ba sai an kira sana'a ta yi shaida, kamar yadda saurayin nan mai safa ya gano mini mai masaukina da shanu.

A jirgin komawa ne abin ya juyo kaina. Baba ya tambaye ni sunan da ke fasfo ɗina a gurbin sunan dangi, na ce na mahaifina ne. Ya ce 'ya'yanka fa? Na buɗe baki zan ce nawa, sai na tuna. Da aka sa su makaranta sunana ne a bayan nasu, yadda aka saba. Amma shekarar da muka tashi yin takardun tafiya, wani da ya san kan abin ya ba ni shawara in daidaita, iyali su zama da suna ɗaya, don kada a wani ofishin jakadanci a ce ba 'ya'yana ba ne. Na je na yi rantsuwar kotu, aka sauya. Yanzu 'ya'yana huɗu sunan kakansu suke ɗauke da shi, nawa ya faɗi a tsakiya, wani fom ɗin ma ba shi da gurbinsa. Ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba sai ranar. Baba ya ce, to kai ne 1856 na gidanku. Muna da irinsa tun da daɗewa ma: Alhassan Ɗantata ya samo sunan daga Tata, matar da ta raine shi, ga shi jikoki da tattaɓa-kunne duk Ɗantata ne, kuma ba mai jin "ɗan" ɗin a ciki. Waɗanda suka ɗauki sunan gari kuwa, irin su Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, hanyar mutanen Norwe suka bi, inda da yawa suka riƙe sunan gonarsu da aka yi tasu dokar a 1923.

Cikin malaman kwas ɗinmu akwai wata 'yar ƙasar Aisilan, na kai mata zancen a lokacin shan shayi. Ta ce su ba su daskare ba. Har gobe ɗa da sunan ubansa, 'ya da sunan ubanta, wani lokaci na uwa, kuma littafin lambobin wayarsu da sunan yanka aka jera shi. Ita da mijinta da ɗansu da 'yarsu, sunan ƙarshe huɗu daban-daban. Na ce a filin jirgi fa? Ta ce sun saba da bayani. Danmak ma tun 2006 ta sake buɗe ƙofar, wanda ya so zai iya sa wa ɗansa ko 'yarsa sunan uba irin na da. Dokar ta kuma ce sunan da masu shi ba su wuce 2,000 ba a kulle yake, bare ba ya ɗauka sai da izini, wanda ya haura haka kuwa na kowa ne. Matasa da yawa in sun yi aure sukan yar da "sen" su riƙe na tsakiya, shi ya sa Jensen ke raguwa kowace shekara.

Kwana biyu kafin in taso na sauka Kwapanhagan, babban birnin Danmak, na hau jirgin ƙasa na haye gadar Øresund da aka buɗe a 2000, cikin minti arba'in ina Malmö ta ƙasar Suwidin. Dalilin zuwan bai wuce in ce na taka ƙasar ba. A can ma na kama kaina ina karanta allunan ƙofofin mutane kamar mai neman wanda ya ci masa bashi. Johansson, Jönsson, Hansson, Andersson. Su da "s" biyu suke rubutawa, ta farko ta mallaka ce, kamar "n" ɗin da ke cikin "ɗan", ta biyu farkon kalmar "son". Su ma sun sha irin wannan cakuɗewa, har sojojinsu na da in aka tara Johansson goma a rukuni ɗaya sai hafsa ya raɗa wa kowa sabon suna gajere, wannan Rask mai sauri, wancan Stark mai ƙarfi, kuma jikokinsu na nan da sunayen. Na ci shawarma a wani shagon Larabawa, na tuna garin Zlatan Ibrahimović ne, wanda shi ma nasa sunan da yaren ƙasar ubansa ɗan Ibrahim yake nufi, na juyo.

Daren ƙarshe da na yi a Vejle, kafin wannan, na ba Baba hula zanna da na zo da ita, ya sa ta a karkace ya ƙi cirewa har muka gama cin abinci. Ya ce ba zai bar ni in tafi ba sai na ji labarin Jensen ɗin da ya fi kowane daraja a wurinsa: John Jensen, wanda ya ci Jamus ƙwallon farko a wasan ƙarshe na kofin Turai a 1992, Danmak ta ɗauki kofin da ci 2 da nema. Na ce na san shi, ai mu magoya bayan Arsenal muka saye shi bayan nan, ya shekara kusan huɗu ya ci mana ƙwallo ɗaya tak. Ya ce wannan kuma matsalarku ce. Sannan ya lura da abin da ni ban lura ba: John ma Johannes ne, na Ingilishi. Yahaya ɗan Yahaya ke nan.

Na gaya masa yayana uwa ɗaya uba ɗaya sunansa Yahaya, tela ne, 'ya'yansa bakwai. Baba ya ƙirga da yatsu ya ce Jensen bakwai ke nan da hukumar ƙididdigarsu ba ta sani ba, in aka haɗa da su wataƙila a kamo Nielsen. Ya matsa mini sai na sanar da shi a take. Na ɗauki hotonmu, shi da hularsa a karkace, na tura wa Yaya ta WhatsApp da dogon bayani, tun daga Ibrananci har dokar 1828, na ce masa daga yau shi ne Jens, yaransa kuma Jensen. Alamar ya karanta ta fito. Can sai ga saƙon murya na daƙiƙa tara, ana jin ƙarar keken ɗinki a bayansa. Ya ce, "To madalla, a gaida dattijon. Rigar sanyin da na ce ka duba mini fa, ka samu?"